Abin da Aka Ce wa Sodangi a Bakin Shinge

Habi 'yar Kamarawa ce, ko da yake aure ya kai ta Tozai tun tana da ƙuruciya. Ba ta tara dukiya ba, karatunta kuma bai wuce surorin da take salla da su ba. Abin da aka san ta da shi tambaya ce. Ba irin tambayar masu neman magana ba. Takan yi shiru ta daɗe tana kallon abu, har ka ɗauka hankalinta na wani wuri, sannan ta buɗe baki ta tambayi abu guda, kai kuma ka rasa ta inda za ka fara.

Tun tana yarinya haka take. Ta tambayi babanta Illo don me raƙumi yake fara durƙusawa da ƙafafun gaba. Ta tambayi matan ruga masu kawo nono don me suke ce masa kosam, wa ya fara ba shi wannan sunan. Ta taɓa tsayawa bakin rijiya har rana ta take, tana son ta gane dalilin da ruwan rijiyar gabas ya fi na yamma daɗi alhali ƙasar ɗaya ce. Uwarta Hajjo takan ce, "Ke dai Habi, wanda zai aure ki sai shi yi guzurin amsa." Wada da ya aure ta bai yi guzurin komai ba, mutum ne mai haƙuri, in ta tambaye shi abin da bai sani ba sai ya ce Allah ne masani, ita kuma ta ce haka ne, ta ci gaba da tunaninta.

Kunnenta ya fi komai kama magana. Baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, kafin a leƙa ta riga ta ce wannan Bakatsine ne, ko kuwa daga Adar ya fito. Ba ta cika kuskure ba.

Tana da ƙane guda, Sodangi, wanda ita ta goye shi. Shi halinsa daban ne da nata. Bai taɓa tambayar dalilin komai ba. Babba ya ce zauna, ya zauna. A ce tashi, ya tashi, ya ƙara da godiya. Sana'arsa dako da jaki, daga kasuwar Bafarawa zuwa Isa, wani lokaci har Sabon Birni. Habi takan tsokane shi in ya biyo ta Tozai ya tsaya shan ruwa.

"Kai Sodangi, da jakin nan da kai, wa ka jan wani?"

"Shawara mukan yi, Yaya. Shi ya fi ni sanin hanya, ni na fi shi sanin kasuwa."

Sai shekarar farin nan ta zo, wadda aka rufe iyaka aka kuma canza kuɗi. Ruwa ya sauka da farko kamar abin arziki, mutane suka yi shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, daga nan sama ta ɗauke. Gulbin Bunsuru ya koma rairayi. Shanun Fulani suka riƙa kwantawa ba su tashi. Mata suka koma tsinkar anza suna jiƙa ta har ɗacin ya ragu, wasu suna tonon gidan tururuwa su sheƙe 'yar tsabar da suka samu. Maza suka watse ci-rani, Wada ma ya bi ayari ya yi kudu.

Hukuma ta ce kada hatsi ya ƙetara zuwa Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijar har lokacin. Aka kafa shingaye a kan hanyoyi, aka zuba 'yan sanda da bindigogi. Amma Bagobiri ba ya rasa dangi a ƙetare. Gwaggonsu Larai tana aure wajen Tsibiri, saƙo ya zo cewa ganye kaɗai ake dafawa a gidanta. Sodangi ya samu 'yar dawa a dakon da ya yi, ya raba biyu, ya bar wa uwarsa da iyalinsa rabi, ya ɗaure rabi a bayan jaki ya rufe da kara. Ya san an hana. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Da hantsi ya fita. Kafin la'asar motar 'yan sanda ta kawo gawarsa ƙofar maigari. Harsashin ta baya ya shiga. Bayanin da aka yi gajere ne: an kira shi a bakin shinge, ya juya ya gudu, aka harbe shi. Ranar kasuwa mai shela ya zagaya yana faɗa wa jama'a duk wanda aka kira a shinge ya amsa kira, kada ya yi irin ta mutumin Kamarawa da ya gudu.

Habi ta zo zaman makoki, ba ta koma Tozai ba. Ta tarar da Hajjo, wadda idonta ya riga ya yi rauni, zaune a ƙuryar ɗaki tana jan carbi.

"Mutuwa ba ni jayayya da ita," in ji tsohuwar. "Mai shi ya karɓi abinai. Amma gudu, Habi? A ce ɗana ya mutu shina gudu awa ɓarawon awaki? Ni ban haihi mai gudu ba."

Kalmar kuwa ta kama. A bakin rijiya in za a kwatanta gidan sai a ce gidan wanda ya gudu. Ba da mugunta ake faɗa ba, kwatance ne kawai, amma Hajjo tana ji ta bayan danga. Ta daina fita ko gaisuwar maƙwabta.

Habi ba ta yi kuka da yawa ba. Abin da ya tsaya mata a rai jakin ne. An dawo da shi bayan an kwashe dawar, haƙarƙarinsa duk a waje. Ta kora shi zuwa rijiya wata safiya, ta tsula masa tsumagiya don ta ga iyakar saurinsa. Ya ɗan girgiza kunne ya ci gaba da takunsa na yunwa. Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da zai gudu daga bindiga, ya saki jaki ya faɗa daji mana. An ce kuma igiyar tana hannunsa lokacin da ya faɗi. To da wannan jakin aka yi gudun?

Ta riƙa tambaya a hankali, wajen masu itace, wajen masu dawowa daga kasuwa, ko akwai wanda ke kusa a ranar. Kowa ya ce bai gani ba. Daga baya wata ta raɗa mata cewa Inno, wata tsohuwar Bafilatana da shanunsu suka ƙare suka sauka bayan gari, tana tsinkar anza a wajen. Habi ta ɗauki 'yar kanwa da gishiri ta je.

Inno ta karɓi gaisuwa, ta duba hagu da dama kafin ta yi magana.

"Na ji an yi tsawa. Kalma guda ce."

"Wace kalma, Inno?"

"Ina duƙe, ɗiyata, iska kuma na kaɗawa. Ban kama ta ba."

"To shi fa? Mi yay yi?"

"Ya ɗan rusuna, yac ce, to, ranka shi daɗe. Wannan kam na ji shi da kyau, don ya fi kusa da ni. Sannan ya juya jakin. A hankali ya juya shi, har shina dafa mashi wuya."

"Bai yi gudu ba?"

"Da anka sake tsawa ya ɗaga hannu bai waiwayo ba, awa mai cewa na ji. Ya ƙara sauri kaɗan. Anka sake, ya ƙara. Sai ƙarar bindiga." Sannan Inno ta ce, "In an tambaye ni, ban ga komi ba. Mu da ba mu da ko saniya yanzu, wa zai tsaya muna?"

Habi ta dawo gida tana juya maganar. Mutum ba ya cewa "to" sai an ce masa ya yi wani abu. Kuma Sodangi in ya ce to, abin da aka ce ɗin yake yi. Me aka ce masa? Ta kwana da tambayar ta tashi da ita. Wanda ya san amsar mutum ɗaya ne, yana can bakin shinge.

Ta dafa zogale, ta kwaɗa shi da ɗan ƙuli-ƙulin da ta samu, ta ɗora a kai da tulun ruwa, ta ce wa Hajjo za ta gwada talla a bakin hanya. A shekarar nan ba abin mamaki ba ne a ga mace mai shekarunta tana talla. Shingen ba wani abu ba ne, ganguna ne biyu na ƙarfe aka gitta musu itace, sai wata bishiyar gawo da 'yan sandan ke fakewa a inuwarta. Ba su san kowa a garuruwan nan ba, don haka ba wanda ya san ko ita wace ce. Suka sa mata suna Mai-kwaɗo.

Babbansu a wurin Saje Maliki ne, mutumin ƙasar Zazzau, furfura ta fara fito masa, ba ya rabuwa da goro, salla kuma ba ta wuce shi. Yana son wasa.

"Mai-kwaɗo, yau ƙuli-ƙulin naki ci-rani ya tafi ne?"

"Ya bi mijina, ranka shi daɗe. In sun dawo za ni kawo maka su duka."

Akwai kuma wani kurtu dogo, yaro ne ƙwarai, daga can kudu mai nisa. Sunansa ya gagari bakin mutane, sai ake ce masa Dogo. Wani direba ne ya nuna mata shi da leɓe, ya ce wannan ne ya harbe mai jaki. Habi ta zaci in ta gan shi zuciyarta za ta tafasa. Sai ta samu kanta tana kallonsa kamar yadda take kallon komai. Ba ya shiga hira, don ba ya jin yawancin abin da ake faɗa. 'Yar Hausar da yake da ita a kasuwar Isa ya tsince ta, bayan an kawo shi. In ta zuba masa kwaɗo da hannu biyu yake karɓa. Yana cin rabi ya ajiye rabi, ya daɗe yana kallon hanya. In abu ya motsa a daji sai ya zabura. Takan nemi gafarar Allah in ta koma gida, don ba ta san ko daidai ne ta ciyar da shi ba, ba ta kuma san ko daidai ne ta zauna tana leƙen bawan Allah haka ba. Washegari kuma ta sake dafa zogale.

Wata rana tana zaune ɗan nesa da su, a gefen inuwar, Dogo ya ɗago kai daga inda yake tsaye, bindiga rataye a hannunsa, ya dube ta ya ce, "Mama, tahi."

Habi ta ɗauka ta zauna inda bai kamata ba. Ta ce to, ta tattara kwanukanta, ta ɗora a kai, ta kama hanya. Ta yi 'yar tafiya sai ta ji dariya a bayanta.

"Mai-kwaɗo, dawo," in ji wani kofur yana share hawayen dariya. "Kiranki yake. Kwaɗo yake so. Haka yake faɗa, mun gaji da gyara masa."

Ta tsaya a tsakiyar hanya da kaya a kai. A yankin nan ba a cewa tafi, tahi ake cewa. In kuma ana son mutum ya matso, a ce masa taho. Ga ɗan ƙasa ba abin da ya haɗa su, ko jariri mai koyon tafiya ya san bambancinsu. Ga baƙon da ya tsinci magana a kasuwa kuwa, kusan abu ɗaya ne. Ta tuna bakinta ma yanzu "to" ya ce, ƙafafunta kuma suka juya tun kafin ta yi tunani.

Ta dawo ta zuba masa kwaɗon. Ta rufe kwano ta koma wurin zamanta.

Yanzu ta san abin da aka ce wa Sodangi. Amma sani a cikin cikinta ba zai cire kalmar gudu daga sunansa ba. In ta faɗa wa Hajjo, maganar ɗiya ce mai son sanyaya wa uwa rai. In ta ja Saje gefe ta faɗa masa, wataƙila ya zaunar da yaron ya koya masa har bakinsa ya gyaru, gobe a ce ina shaida. Tana so wani babba na gari ya zo ya ji da kunnensa, tun kuskuren yana nan a bakin mai shi. Ta je wajen maigari ta durƙusa ta yi masa bayani. Ya saurare ta har ƙarshe, ya shafa gemu.

"Habi, maganarki da kamar gaskiya. Amma soja ka mulki yanzu. In na je na tsaya bakin shinge ina sauraren bakin ɗan sanda, mi za ni ce ya kawo ni? Bari dai mu gani. Bari rabon hatsin agaji shi wuce."

Rabon agaji ya wuce, ya ce a bari ya dawo daga Isa. Ita kuma kullum tana gindin gawo, bakinta a rufe. Nan ne abin ya fara cin ta. Duk sanda Dogo ya tsaya a bakin itacen aka hango mutum tafe, sai ta kafa wa bakinsa ido. Yawanci kofur ko Saje ke yin magana, shi ya tsaya kawai. Amma ta san ba kullum za su kasance kusa ba. Kalma ɗaya ce za ta gyara masa, ba za ta ɗauke ta komai ba, ta kuwa ƙi, saboda Sodangi. A sujada takan tambayi Ubangijinta, in aka sake kashe wani tana zaune tana kallo, rabon wa zai zama a cikin alhakin.

Ranar da abin ya faru, azahar ta gabato. Wata babbar mota ta tsaya cike da fasinja, kofur da sauran suna bayanta suna sauke buhuna. Saje ya zagaya bayan gawo da buta. Dogo kaɗai ke bakin itace. Sai ga wani dattijo mai rawani ya ɓullo ta burtali, ɗan nesa da shingen, yana jan raƙumi ramamme. Ba hanyar mota ya biyo ba, hanyar dabbobi ce da kakanninsa suka saba bi.

Dogo ya gyara tsayuwa, ya riƙe bindiga da hannu biyu, ya kaɗa bakinta, ya daka tsawa da kalmarsa.

Dattijon ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya fara juya raƙumin.

Dogo ya sake faɗa, da ƙarfi fiye da na farko. Dattijon ya ja akala ya ƙara sauri. Habi ta ji ƙarar ƙarfe, irin wadda bindiga ke yi in an gyara ta.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Tulun ya kife. Matar da ba a taɓa jin muryarta daga bayan danga ba ta kwarara kira har fasinjojin motar suka waiwayo.

"Mai raƙumi, tsaya! Taho yaka nuhi. Taho, kiranka shi kai."

Dattijon ya tsaya. Ita kuma ta riga ta shiga tsakaninsa da bakin bindigar. Ta dubi yaron, ta yi magana a hankali yadda zai iya kamawa, tana nunawa da hannu.

"Ɗana, korar shi kay yi. Tahi, can. Taho, nan. Kac ce shi tahi, ya tahi."

Saje ya iso da gudu, hannayensa jiƙe da ruwan alwala har gwiwar hannu. Ya danne bakin bindigar ƙasa. Fasinjoji sun sauko sun kewaye su, masu buhuna ma sun bar buhunansu. Habi ta ga mutanen, ta gane ba za ta sake samun kunnuwa masu yawa haka ba.

"Ranka shi daɗe, tambaya gare ni. Ka tambayar mani shi, haka yac ce ma Sodangi?"

"Wane ne Sodangi?"

"Mai jaki. Ƙanena ne. Ni na goye shi."

Saje ya dube ta. Sannan ya juya ga kurtun ya yi masa magana da Turanci, doguwa, yana nuna raƙumin, yana nuna hanya. Habi ba ta ji ko kalma ɗaya ba, fuskar yaron take karantawa. Ta ga lokacin da maganar ta isa. Ya miƙa wa Saje bindigar, ya zauna a ƙasa daɓas cikin rairayi, ya faɗi wani abu yana maimaitawa.

"Me ya ce?" wani fasinja ya tambaya.

Saje ya juyo wajen mutanen. Sai ya ce, "Ya ce haka ya faɗa. Ya ce yana ta kiran mutumin, mutumin yana ta tafiya."

Aka sallami mai raƙumi, wanda har lokacin bai gane abin da ya tsallake ba. Mota ta tashi da labarin a cikinta. Saje ya yi sallarsa, sannan ya zo ya zauna kusa da Habi a gindin gawo, tana tsince kwanukanta daga ƙasa.

"Kin daɗe kina ciyar da mu, ba ki faɗa ba."

"Ban sani ba sai kwanan nan. Ku kun san bai iya ba?"

"Mun sani. Dariya muke yi masa."

"Kuma kunka ba shi bindiga ya tsaya bakin hanya shi kaɗai."

Saje ya ɓare goro bai kai baki ba. "Ranar ina gari. Da na dawo suka ce an kira mutum ya gudu. Ban haɗa wannan da wancan ba." Ya juya goron a hannu. "Ko kuma ban so in haɗa ba. Allah ya sani."

"To ina da wata tambaya, don ta daɗe tana damuna. In da gudun yay yi fa? Mutum da jaki da 'yar dawa, ya ba ku baya. Dokar taku ta ce a harbe shi?"

"Doka ba ta ce haka ba. An dai ce mana kada hatsi ya wuce, wanda ya bari ya wuce zai gani. Yaro ya ji wannan, bai ji sauran ba."

"Wa ya kamata shi hwaɗa mashi sauran?"

Saje ya mayar da goron aljihu. Can ya ce zai kai maganar gaban babbansu, amma ba zai yi mata alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ya tambaye ta ko akwai abin da take so wanda shi zai iya.

"Ka zo Kamarawa ka hwaɗa ma uwarmu. Gaban mutane. Kuma da kakinka za ka zo, don da kaki anka ce ya gudu."

Abin da ya biyo baya ba mai yawa ba ne. Wani babban jami'i ya zo a mota, ya zauna da su, ya koma. Aka cire Dogo daga kan hanya, ba da daɗewa ba aka ce an mayar da shi wani wuri. Ba wanda ya ji an kai shi gaban alƙali, ba kuma wanda ya ji an tuhumi waɗanda suka tsayar da shi a wurin. Aka aiko wa maigari cewa magana ta ƙare. Mai shela bai sake zagaya kasuwa ba.

Amma Saje ya zo. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Ya tsaya a ƙofar gidan da kakinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Liman yana nan, da maigari, da mazan da suka rage a gari, mata kuma sun cika bayan danga. Habi ta riƙo hannun Hajjo ta zaunar da ita a kan tabarma cikin zaure.

Saje ya gaishe ta ya yi mata ta'aziyya. Sannan ya ce, "Inna, na zo in faɗa miki ɗanki bai gudu ba. Ɗan sandanmu ne ya yi kuskuren magana. Ya ce masa ya tafi, ya tafi. Umarni ya bi aka harbe shi. Laifin namu ne."

Hajjo ta karkata kai. "Kunnena ya yi nauyi, ɗan nan. Ɗaga murya."

Habi ta san kunnen uwarta lafiya lau yake, ido ne kawai ya tafi. Saje ma da alama ya gane. Ya juya rabin jikinsa wajen danga, ya maimaita maganar daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Wani dattijo ya tambaya ko za a biya diyya, Saje ya ce wannan ba shi da ikon cewa komai a kai, kuma ba a taɓa biya ba. Da mutane suka watse Hajjo ta ci gaba da zama a zaure, ba ta nemi a mayar da ita ɗaki ba.

"Habi."

"Na'am, Inna."

"An ce har ranka shi daɗe yac ce mashi?"

"Ya ce. Ya rusuna ma."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta daɗe tana gyaɗawa. "Ni na koya mashi haka," in ji ta. Daga nan ta ce a kira mata maƙwabciyarta, don maƙwabciyar tana bin ta gaisuwa tun kafin kaka.

Habi ba ta sake zuwa bakin shinge ba. Da damina ta dawo Wada ya dawo, ta koma Tozai da babbar ɗiyar Sodangi ta riƙe ta har ta aurar. 'Ya'yan gidajen nan biyu, nata da na ƙanenta, abu ɗaya ta dasa musu wanda ba a koya wa sauran yaran gari. In mai bindiga ya yi maka magana a hanya, ko ka ji sarai abin da ya ce, kada ka matso kada ka juya. Ka zauna a ƙasa nan inda kake, ka buɗe hannuwanka, ka tambaye shi wanne yake nufi.